Waƙar Wa Ce? Mutanen da Suka Aza Harsashin Kiɗan Kantiri

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu tsallaka teku zuwa kudancin Amurka, mu koma baya kimanin shekara 100, mu nemo mutanen da suka aza harsashin kiɗan nan da ake kira kantiri.

Na san a cikinku akwai dattawan da suka yi samartaka da faifan Jim Reeves, akwai kuma waɗanda suka saurari kaset ɗin Don Williams da na Dolly Parton har zaren ya tsinke. To, waɗannan duk 'yan baya ne, jikoki ne a sana'ar. Waɗanda suka share musu fage manoma ne, da ma'aikatan reluwe, da matan aure masu goyo, da wani dattijo mai amalanken alfadarai. Akwai kuma tambayar da za ta yi ta bin mu a cikin labarinsu: waƙar da ta shekara aru-aru tana yawo a bakin jama'a, ranar da aka sa ta a faifai ta fara kawo kuɗi, ta wa ce?

Mu fara da inda waƙoƙin suka fito. A gabashin Amurka akwai jerin duwatsun Appalachia, waɗanda suka ratsa jihohi irin su Virginia da Tennessee da Kentucky. Turawan da suka yi ƙaura daga Ingila da Scotland da arewacin Ireland tun ƙarni na 18 sun zauna a lungunan waɗannan duwatsu, gogensu na Turawa a hannu, dogayen waƙoƙin labari a ka: kisan kai, cin amanar soyayya, jirgin ruwan da ya nutse. Uwa ta rera wa 'ya, 'ya ta rera wa jika. Tsakanin 1916 da 1918 wani Baturen Ingila, Cecil Sharp, ya zagaya yankin yana rubuta waƙoƙi, ya tara fiye da 1,600, yana ta mamakin jin waɗansu da tuni aka manta da su a Ingila. Amma abin da mutum ya je nema shi yake gani. Waƙoƙin kakanninsa suka kai shi, saboda haka bai tsaya kan sauran abubuwan da mutanen suke kaɗawa ba.

Babba a cikin sauran shi ne banjo. Yau in aka nuna banjo a fim, Bature ɗan ƙauye za ka gani riƙe da shi, alhali asalinsa na baƙar fata ne. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka haɗa shi a tsibiran Karebiyan da gonakin kudancin Amurka: a yanka duma, a rufe da fata, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya zai gane dangin. Masu bincike sun fi nuna akontin na mutanen Jola da ke Senegal da Gambiya, domin da bayan farce ake dukan tsirkiyarsa, babban yatsa na biye, kuma haka tsofaffin makaɗan banjo suke yi. Shi kansa Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda ya mallaki ɗaruruwan bayi, ya rubuta cewa daga Afirka bayi suka zo da abin. Daga wajen shekarun 1830 Turawa masu wasan dandali suka ɗauke shi, suna shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙen fata don a yi dariya. Ta wannan mummunar ƙofa banjo ya shiga gidajen Turawa.

A ƙara da waƙoƙin coci, da waƙoƙin da aka buga a takarda a birane suka gangaro ƙauye har aka manta masu su, da kiɗan buluz na baƙaƙen da ke aikin auduga da shimfiɗa layin dogo. Talakan Bature da talakan baƙar fata doka ta raba su a makaranta da coci da jirgin ƙasa, amma kunne ba ya bin doka.

Kamfanonin faifai ba don ƙaunar talaka suka waiwayo shi ba. Rediyo ya fito a farkon shekarun 1920, cinikin faifan garmaho ya soma ja da baya, dole a nemi sababbin masu saye. A 1920 kamfanin Okeh ya fitar da faifan wata baƙar mace, Mamie Smith, baƙaƙen fata suka yi rububinsa. Ɗaya daga cikin ma'aikatan kamfanin, Ralph Peer, ya riƙe wannan darasi, ku ma ku riƙe sunansa. A watan Yuni na 1923 ya je birnin Atlanta da na'urar ɗaukar murya, aka kawo masa wani mai goge, John Carson, tsohon ma'aikacin masaƙa da ya saba lashe gasar goge a jihar Georgia. Muryar ba ta burge Peer ba ko kaɗan. Aka buga faifai 500 don a gwada, kafin ka ce kwabo sun ƙare, ana neman ƙari. Shekara guda kafin nan wani ɗan Texas, Eck Robertson, ya riga ya yi wa kamfanin Victor kiɗan goge a New York, amma cinikin Carson ne ya buɗe wa 'yan kasuwa ido. A 1924 Vernon Dalhart, wanda ma mawaƙin birni ne da ya koyi waƙar manyan dandali, ya rera waƙar wani fursuna da ta haɗarin jirgin ƙasa, faifan ya haura miliyan.

A nan ne aka yi wani abu da har yau bai warware ba. Kamfanonin suka raba kundin tallarsu gida biyu: wannan shafi na baƙaƙe, wancan na Turawan ƙauye, waɗanda suka laƙaba wa sunan raini na 'yan kan dutse. Waƙa ɗaya, salo ɗaya, amma launin fatar mai rerawa shi ke nuna shafin da za ta faɗa.

(Kiɗa kaɗan)

Rediyon da ya tsorata masu faifai shi ya fi kowa yaɗa kiɗan. A 1925 wani kamfanin inshora a birnin Nashville ya buɗe tashar WSM don tallar hajarsa. Ranar 28 ga Nuwamba na wannan shekara mai gabatarwa George Hay ya zaunar da wani tsoho ɗan shekara 77, Jimmy Thompson, a gaban makirfo da gogensa. Wannan zama shi ya zama shirin daren Asabar da aka raɗa wa suna Grand Ole Opry a 1927, kuma har gobe ana yin sa. Tauraronsa na farko shi ne Dave Macon, mai amalanken da na ambata. Ya yi shekaru yana jigilar kaya da alfadarai, motoci suka zo suka kashe masa kasuwa, sai ya mai da banjo sana'a yana da shekara 50 da ɗoriya, yana wurga shi sama yana cafewa, yana barkwanci, jama'a na faɗuwa da dariya.

Akwai kuma DeFord Bailey, baƙar fata, jikan bayi, ɗan ƙaramin mutum da shan inna ta kama tun yana shekara uku. Yana kwance yana jinya ya koyi busa hamonika, ɗan abin busar nan da ake tafe shi a hannu a kai baki. Da shi yake kwaikwayon jirgin ƙasa tun daga tashi har ya ɗau gudu, da karnukan farauta suna bin dila. A shekarun farko da wuya a yi daren Asabar ba a ji shi ba. In an fita yawon wasa kuwa, otal ɗin da abokan tafiyarsa za su kwana ba ya karɓarsa, gidan abincin da za su ci sai dai a miƙo masa ta baya. Za mu dawo kansa.

Yanzu mu je Bristol. Gari ne da iyakar jihohi biyu ta bi ta tsakiyar babban titinsa, wannan hannu Tennessee, wancan Virginia. A ƙarshen Yuli na 1927 Ralph Peer ya sauka a nan, a wannan karo da sunan kamfanin Victor. Ya kama hayar saman bene na wani kamfanin huluna, aka rataya barguna a bango don kashe amsa-kuwwa, aka kafa makirfo mai aiki da lantarki, wanda bai fi shekara biyu da fitowa ba. Allura ce ke zana sautin kai tsaye a kan faifan kaki. Minti uku ne da 'yan kai, babu gyara, in ka yi kuskure a ɗauko sabon faifai a sake daga farko.

Kwanakin farko mutane ba su zo sosai ba. Sai jaridar garin ta buga labarin cewa Ernest Stoneman, wani kafinta daga yankin, ya sami dala 3,600 a shekarar da ta gabata daga faifansa. A wurin manomin dutse wannan kuɗi ne na fitar hankali. Nan da nan aka fara gangarowa, wasu a mota, wasu a jirgi, wasu a kan doki. Cikin mako biyu aka ɗauki waƙoƙi 76 daga mawaƙa da ƙungiyoyi 19. Baƙar fata ɗaya ne tak a cikinsu, El Watson, shi ma mai hamonika.

Ga inda dabarar Peer take. Dokar Amurka ta 1909 ta ce duk faifan da aka buga, a biya mai haƙƙin mallakar waƙar senti 2. Peer ya ce wa Victor ba ya bukatar albashi, dala 1 a shekara ta ishe shi, muddin haƙƙin waƙoƙin da ya ɗauka zai zauna a hannunsa. Mawaƙi ya karɓi dala 50 a kan kowace waƙa, da ɗan kaso daga ciniki. To amma tsohuwar waƙar da kowa ya sani, wadda wani ya riga ya yi wa rajista, ba ta da amfani a wurin Peer. Abin da yake so shi ne waƙa mai ƙamshin da, amma wadda za a iya rubuta sunan wani a ƙarƙashinta. Ni a ganina wannan sharaɗi, fiye da kowace baiwa ta mutum ɗaya, shi ya haifi marubucin waƙa a kiɗan kantiri. Kowa ya zo da hanyarsa ta cika shi.

Hanya ta farko ita ce ta iyalan Carter. A.P. Carter dogon mutum ne mai rawar hannu tun yana yaro, yana yawon sayar da dashen itatuwa a ƙauyukan gindin dutsen Clinch a Virginia. Matarsa Sara ita ce mai muryar, murya mai kauri, ba ado, ba kwarkwasa, tana kaɗa wani faffaɗan abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa da ake rungumewa a ƙirji. Ta ukunsu Maybelle, 'yar uwar Sara ce ta jini kuma faccalarta, domin ƙanen A.P. take aure. Da ƙanen ya ƙi ba da aron motarsa, A.P. ya yi masa alkawarin nome masa gonar masara. Tafiyar kimanin kilomita 40 ce, amma ta cinye musu yini guda: hanyar ƙasa, ga rafi, ga faci. Sara na shayar da jariri, Maybelle tana da shekara 18 da tsohon ciki. A ranakun 1 da 2 ga Agusta suka rera waƙoƙi shida, suka koma gida suka ci gaba da noma.

Ku tsaya mu dubi hannun Maybelle, domin a nan aka sauya tarihin jita. Kafin ita, jita a wannan kiɗa 'yar rakiya ce, ana dukanta a baya don riƙe kari, goge ke jan waƙa. Ita kuwa sai ta sa babban yatsa yana fitar da karin waƙar a kan tsirkiyoyi masu kauri, manuniya tana share sirara sama da ƙasa tana ba da rakiya. Mutum ɗaya, aikin biyu. A 1928 ta sayi jita ƙirar Gibson a kan dala 275, ta kaɗa «Wildwood Flower» da ita, kuma har yau yaron da ke koyon jitar kantiri da wuya ya tsallake wannan waƙa. Amma waƙar tun 1860 aka buga ta a takarda, da sunayen waɗansu mutane dabam. Ta yi ta yawo a baki har waɗansu kalmominta suka lauye suka daina ba da ma'ana, a haka Sara ta gaje ta.

Peer na son sababbin waƙoƙi, sai A.P. ya shiga gari-gari. Yakan yi kwanaki ba ya gida, yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane yana tambaya ko akwai tsohuwar waƙa. Shi kuwa ba ya riƙe kari a ka. A garin Kingsport ya haɗu da Lesley Riddle, saurayi baƙar fata da ya rasa ƙafa ɗaya a haɗarin kamfanin siminti, ya zauna ya ƙware a jita. Suka zama abokan tafiya: A.P. ya rubuta kalmomi, Riddle ya haddace kari, in sun dawo ya koya wa Sara da Maybelle. Ita Maybelle da bakinta ta faɗi cewa ta ɗauki salo a hannunsa. A kan faifai kuwa suna ɗaya ake bugawa, A.P. Carter. Riddle bai fito a ko ɗaya ba, sai a 1965 wani mai binciken kiɗan gargajiya, Mike Seeger, ya gano shi a jihar New York ya ɗauki muryarsa.

Sata ce? Ban ce kai tsaye ba. A.P. yana gyara baiti, yana haɗa guntaye, yana ƙara amshi, kuma ba don shi ba da yawancin waƙoƙin nan kusan 300 sun bi tsofaffin da suka san su zuwa kabari. Amma Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, kuma in ana neman gardin a wannan labari a wuce A.P. a duba gaba. Shi a ɗan kantin ƙauye ya ƙare rayuwarsa a 1960. Kamfanin buga waƙoƙin da Peer ya kafa a 1928 yana nan har yau, da rassa a ƙasashe da dama.

Yawon nan ya ci auren. Sara ta gaji da zama ita kaɗai da yara da gona, zuciyarta ta karkata ga wani ɗan uwan mijin, Coy Bayes, danginsa suka kwashe shi zuwa California. A 1936 aure ya mutu, amma sana'a ta ci gaba, tsohon miji da tsohuwar mata a gaban makirfo ɗaya. A 1938 aka ɗauke su aiki a tashar XERA, wadda wani likitan bogi, John Brinkley, ya kafa a tsallaken iyakar Meksiko bayan an ƙwace masa lasisi a Kansas, saboda dasa wa maza sassan jikin bunsuru da sunan maganin ƙarfi. Ƙarfin tashar ya ninka abin da dokar Amurka ta yarda da shi sau da yawa, ana kama ta har Kanada. Wani yaro a gonar auduga a Arkansas yana cikin masu saurare, sunansa Johnny Cash, wanda bayan shekara 30 ya auri June, 'yar Maybelle. Wata rana a 1939 Sara ta sadaukar da waƙar «I'm Thinking Tonight of My Blue Eyes» ga Coy, ta ambaci sunansa a iska. Ya ji a California, ya tuƙo mota har Texas, aka ɗaura aure. Ku riƙe karin wannan waƙa, zai sake fitowa.

(Kiɗa kaɗan)

Hanya ta biyu ita ce ta Jimmie Rodgers, wanda ya shiga ɗakin nan na Bristol kwana biyu bayan su Carter sun fita. An haife shi a 1897 a yankin Meridian ta jihar Mississippi. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ubansa shugaban leburorin layin dogo ne, don haka a cikin baƙaƙen ma'aikata ya tashi, yana kai musu ruwa yana jin waƙoƙinsu. Ya zama mai kula da burkin jirgi, har tarin fuka ya kama shi a 1924 ya raba shi da aikin. Ya zo Bristol da ƙungiya, suka yi saɓani a kan sunan da za a buga, ya shiga shi kaɗai da jitarsa ya yi waƙa biyu. Kason farko da ya zo masa dala 27 ne. Wani zai haƙura. Shi kuwa ya tafi New York, ya kama ɗaki a babban otal, ya buga wa Peer waya kamar dama an gayyace shi. A Nuwamba 1927 ya rera «Blue Yodel», wadda ta mai da shi tauraro.

Abin da ya yi a cikinta shi ne ya ɗauki ginin buluz, layi biyu iri ɗaya na uku ya rufe, sannan a ƙarshen kowane baiti ya karya murya, ya jawo ta daga ƙirji ya wurga sama ta koma siririya, ya sake dawo da ita. Ya yi irin wannan har 13. A ta tara, a 1930, Louis Armstrong ne ya busa masa ƙaho, matar Armstrong, Lil, tana kan piyano, amma ba a rubuta sunayensu a faifan ba. Da bukatar sababbin waƙoƙi ta yi masa yawa sai ya kira yayar matarsa, Elsie McWilliams, mai kaɗa piyano a coci. Ta sa hannu a waƙoƙinsa kusan 40, ba ta kuma damu da a san ta ba.

Rodgers shi ya fara sa mai sauraro ya ji cewa mawaƙin labarin kansa yake bayarwa. Ya yi waƙa a kan jirgi, a kan yawon duniya, har a kan ciwon da ke cin huhunsa. A Mayu 1933, lokacin karayar tattalin arziki, ya koma New York don ya bar wa iyalinsa abin kashewa. Aka kafa masa ɗan gado a ɗakin ɗaukar murya, ya rera waƙa ya kwanta, ya huta ya tashi. Ya gama 12, bayan kwana biyu ya cika, ranar 26 ga wata, yana da shekara 35. Jirgin ƙasa ne ya kai gawarsa Meridian. Faifansa kuwa ya yi nisan da shi bai yi ba: a 1950 mai binciken kiɗa Hugh Tracey ya ɗauki 'yan matan Kipsigis a Kenya suna waƙar wani Chemirocha, rabi mutum rabi dabba, wanda ba kowa ba ne illa Jimmie Rodgers da suka ji a garmaho.

Mu koma kan DeFord Bailey. A 1941 rigima ta ɓarke tsakanin gidajen rediyo da ƙungiyar ASCAP mai karɓar kuɗin haƙƙin waƙoƙi, gidajen rediyo suka daina sa duk waƙar da ke ƙarƙashinta. Fitattun kiɗe-kiɗen Bailey suna ciki. Aka sallame shi daga Opry bayan shekara 15, aka ce wai ya ƙi koyon sababbi. Ya buɗe wurin goge takalma a Nashville, a nan ya ci abinci shekaru masu yawa. Ya rasu a 1982, sai a 2005 aka shigar da shi zauren girmamawa na kiɗan kantiri. Irinsa suna da yawa. Bill Monroe, wanda ya ƙirƙiro salon bluegrass, ya yi ta ambaton wani baƙin makaɗi, Arnold Shultz, da ya bi yana yaro a Kentucky. Shultz ko faifai ɗaya bai bari ba.

Ita wannan rigima ta 1941 ta buɗe wa marubutan ƙauye ƙofa, domin sabuwar ƙungiyar da gidajen rediyo suka kafa, BMI, ta karɓi waɗanda da ake rainawa. A 1942 mawaƙi Roy Acuff da wani gogaggen marubucin waƙa, Fred Rose, suka kafa kamfanin buga waƙoƙi a Nashville. A 1946 wani siririn saurayi daga Alabama ya shigo ofishinsu, matarsa Audrey na gaba. Shi ne Hank Williams, kuma shi ne hanya ta uku: mutumin da ba ya bukatar zuwa ƙofar kowa neman waƙa.

Shi ma malaminsa baƙar fata ne, Rufus Payne, makaɗin bakin titi, wanda Hank ke bi yana yaro yana biyansa da 'yan kuɗi ko abincin gidansu. Hank bai gama sakandare ba, bai iya karanta rubutun kiɗa ba. A guntayen takarda yake rubutu, da kalmomin da direba da mai aikin masaƙa suke magana da su, Rose ya goge ya daidaita. Abin dariya, waƙar da ta kai shi Opry a Yuni 1949, «Lovesick Blues», ba tasa ba ce, tun 1922 aka rubuta ta, kuma Rose bai so ya yi ta ba. Amma yawancin waɗanda suka biyo baya nasa ne, na kaɗaici da kishi da nadama, har mawaƙin birni Tony Bennett ya ɗauki «Cold, Cold Heart» a 1951 ta zama ta ɗaya a ƙasa. Ciwon baya da aka haife shi da shi, da giya, da ƙwayoyin kashe zafi suka haɗu suka cinye shi. Opry ta kore shi a Agusta 1952. Ranar 1 ga Janairu 1953 aka same shi ya mutu a kujerar bayan motarsa a West Virginia, a kan hanyar zuwa wasa a Ohio, yana da shekara 29. Da aka buɗe zauren girmamawa a 1961, mutum uku aka fara sawa: Rodgers, da Hank, da Fred Rose. Ku lura, ɗaya a cikin ukun ɗan kasuwar waƙa ne.

Na ce ku riƙe karin waƙar Sara. Su Carter sun sa shi a faifai a 1929, kuma ko a lokacin tsohon kari ne. A 1936 Roy Acuff ya rera shi da kalmomin addini, ya zama «The Great Speckled Bird». A farkon 1952 Hank Thompson ya rera shi da kalmomin da ke zargin mace da barin gidan miji ta koma mashaya. Sai wani marubuci daga Louisiana, J.D. Miller, ya rubuta raddi a kan wannan kari dai, yana cewa mazan da ke manta suna da aure su ke jefa mata a wannan hali. Aka nemi mai rerawa, aka samu Kitty Wells, matar aure mai 'ya'ya uku da ta riga ta yanke shawarar barin waƙa. Ta yarda ne saboda dala 125 na zaman ɗaukar murya. Gidan rediyon NBC ya hana sa waƙar, aka ce ta yi tsauri. Duk da haka ta yi mako shida tana ta ɗaya a jadawalin mujallar Billboard, karo na farko da mace ita kaɗai ta hau wannan matsayi a kiɗan kantiri, kuma daga nan kamfanoni suka daina cewa faifan mace ba ya ciniki. Kari ɗaya ke nan, waƙa huɗu, kowace da sunan mai ita a rajista.

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu bi matan da suka shiga ta ƙofar da Kitty Wells ta buɗe, tun daga Patsy Cline har Loretta Lynn.